Za a Hau Falwaya

Falwayar wutar layinmu a tsakar gidana take tsaye shekara da shekaru. Doguwa ce, ta siminti, tsakanin madafi da bishiyar fiya, wayoyi sun taso daga kanta sun rarrabu zuwa gidajen maƙwabta. Duk baƙon da ya shigo sai ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, ya aka yi haka?" Ni kuwa sai in ce a tambayi Malam. Malam mijina ne, kuma ya daɗe da rasuwa, don haka a nan maganar ke mutuwa. Mutum ɗaya ne bai taɓa barin ta ta mutu ba, ɗana na fari da ke aiki a Abuja. Shi so yake a tumɓuke falwayar a fitar da ita waje, ni kuma na kafe a kan ba inda za ta. Mun daɗe muna wannan ja-in-ja, kuma ban taɓa gaya masa ainihin dalilina ba. Dalilin kuwa shi ne, in ba don falwayar nan ba, babu mai buga mini ƙofa.

Ga yadda ta shigo. Asali a wani ɗan fili take, gefen gidanmu a unguwar Rikkos da ke Jos. Malam bakaniken manyan motoci ne a Dilimi, kuma a shekarar da Allah ya ɗan buɗa masa sai ya sayi filin ya ce zai faɗaɗa gida. Magina suka ja katanga suka zagaye falwayar, ta koma ciki. Na ce, "Malam, wannan fa ba tamu ba ce." Ya ce ai ba cizo take yi ba. Ba a jima ba masu wuta suka zo gyara suka tarar da katanga. Aka yi ta cacar baki a ƙofar gida, su suna cewa a rushe, shi yana cewa sai dai a fara rushe shi. Daga ƙarshe aka daidaita. Katanga za ta tsaya, amma duk ranar da suka zo za a buɗe musu, kuma ba za a ajiye komai a gindin falwayar ba. Malam ya ba su hannu a kan haka, kowa ya kama gabansa.

Sai ga matsalar tsani. Soron gidanmu mai lanƙwasa ne, yadda wanda ke waje ba zai hango cikin gida ba. Tsaninsu kuwa dogo ne, ya ƙi juyawa a lanƙwasar. Suka gwada ta nan, suka gwada ta can, har suka kankare mana shafen bango. Washegari Malam ya kira magini ya fasa bangon soron, hanya ta miƙe sambal daga titi har gindin falwaya. Tabɗi! Ranar na yi faɗa. Na ce ya mayar mini da gida kasuwa, duk mai wucewa sai ya san abin da na ɗora a murhu. Ya sayo labule mai kauri ya rataya, ya ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, don na daɗe ina ajiye masa tuwo in tashi in bar shi ya ci shi kaɗai.

Falwayar ta zo da dokokinta. Ba a ɗaura mata igiyar shanya, ga ta kuwa daidai inda rana ke faɗowa, a garin da in damina ta kankama kaya ke kwana a jiƙe. Ba a jingina mata turmi. Akurkin kajina sai da aka mayar da shi bayan madafi. Fiyar da na shuka da hannuna, duk reshen da ya miƙa wajen waya sai an datse shi, ko da 'ya'ya a jikinsa. Ina gani a sare mini reshe cike da ɗanyar fiya, in shige ɗaki don kada bakina ya ja mini zunubi.

Amma babbar dokar ba masu wuta suka kafa ta ba, unguwa ce ta kafa. Wanda ya hau falwayar nan yana ganin cikin gidaje da yawa, kuma a lokacin banɗakunanmu ba su da rufi, mata kuma da ɗaurin ƙirji suke aikin gida. Don haka ba a jingina tsani sai an sanar. Masu wuta su tsaya a gindi, a tura 'ya'yana gida-gida suna cewa, "Za a hau falwaya!" Mai wanka ta yi sauri, mai tsifa ta jawo ɗankwali. Sai sun dawo sun ce an ji, sannan Malam ya ce, "Bismillah, ku hau." Shi kuma wanda ya hau, idonsa a kan waya yake tsayawa. Ko ya hango mace bisa kuskure, kawar da kai zai yi kamar bai gani ba.

Sannu a hankali gidan ya watse. 'Yan matana aka yi musu aure, ɗaya Bauchi, ɗaya Kano. Na farin ya tafi Abuja. Malam ya kwanta ciwo a farkon wata damina, kafin sabon dankali ya shigo kasuwa ya tafi. Unguwar ma ta sake. A shekarun da garin nan ya yi ta rikicewa, waɗanda muka reni yara tare suka sayar da gidajensu, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Waɗanda suka saya ba mugaye ba ne, amma ba su san ni ba. Sun ɗaga katanga, sun sa ƙofofin ƙarfe masu ɗan ramin leƙe. In mun haɗu a hanya su ce, "Sannu, Mama," in ce, "Yauwa," shi ke nan. A Jos ɗin yanzu ba a shiga gidan mutum haka kawai, sai da dalili.

Ni kuma na yi ritaya daga koyarwa a firamare, na zauna. Mace da ta saba da aji cike da yara tana tsawa tun safe, sai ga ta a gida mai ɗakuna da yawa ita kaɗai. In dafa 'yar shinkafa, ta kwana, in ɗumama, ta sake kwana. In kunna rediyo ba don ina saurare ba. Akwai ranar da zan wuni ban yi magana da kowa ba sai kaji, har in 'yata ta kira da yamma ta ce, "Umma, mura kike yi?" In ce e, alhali muryar ce ta dishe don rashin amfani. In ruwa ya sauko a kan kwano, in zauna a bakin gado da rigar sanyi ina jiran ya ɗauke, ba don ina da inda za ni ba. Kaɗaici ne, ba wani suna zan ba shi ba, kuma yana cin rai.

To sai falwaya. Ina cikin takaba masu wuta suka zo. Shugabansu, kowa Oga yake ce masa. Mutumin wajen Vom ne, nan Filato, Kirista, gajere mai faɗin ƙirji. Ya fara shigowa gidanmu tun yana mai riƙe tsani, a gabana furfura ta fito masa. Ranar ya yi sallama daga soro ya ce a kira Malam. Na gaya masa ta bayan labule cewa Malam ya rasu. Ya ce, "Kai. Kai. Mutumin kirki." Ya yi mini gaisuwa, ya tambaya ko su koma sai wani lokaci. Na ce alkawari bai mutu ba, su shigo. Ranar dai matar wani maƙwabci aka roƙa ta yi sanarwar. Da na fita takaba, da yake ba yaran aike a gidan, sai aikin ya dawo kaina.

Wutar layinmu kuwa ba ta raina dalilin lalacewa. Iska, ruwan ƙanƙara, reshe, ko fis ya ƙone haka nan don ya ga dama. In ta lalace, mutum na farko da ke buga ƙofata Madam ce, wata 'yar ƙabilar Ibo mai shago a bakin layi, wadda firjinta ke cike da kifi da kaji. "Mama, sun zo?" In ce ba su zo ba, amma ki zauna. Ta ɗosana a bakin kujera tana huci tana tsine wa wuta, ni kuwa ina taya ta da baki, a raina daɗi nake ji. Bayanta wani ya leƙo, wata ta aiko. Wallahi in na ji iska ta taso tana kaɗa kwanon rufi, har wani sanyi nake ji a zuciya, don na san gobe gidana zai ga mutane.

Sai Oga ya iso da yaransa. Hausarsa irin ta Jos ce, ba ruwansa da mace ko namiji. Daga soro zai ɗaga murya.

"Salamu alaikum, Mama! Wutan ya sake yin halinsa."

"Ku dai kuka sake yin halinku. Wancan karon da miyau kuka liƙa ta?"

Ya yi dariya har hular kwanonsa ta zame, sannan ya ce, "Mama, a je a gaya musu."

In zura hijabi in fita. Ƙofofin ƙarfen nan da ba sa buɗuwa, ranar sai su buɗe. "Za a hau falwaya!" Amaryar gidan da ke damana ta ce in shigo in ga yadda jariri ya yi wayo. A gida na gaba a tambaye ni me ake ba yaro mai haƙori. A wani gidan a kawo mini littafin yarinya in duba, tunda an ji ni malama ce. Gaskiya yawancinsu yanzu banɗakinsu a cikin ɗaki yake, sanarwar ba ta dame su ba. Amma sun saba, ni kuma ban ga dalilin tuna musu ba.

Gidan ƙarshe na Kaka ne, wata tsohuwa 'yar asalin Filato da ke bayan katangata, ita kaɗai ta rage cikin mutanen da. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma ƙofarta ta wani layin take, zagaye ne mai nisa ga masu ciwon gwiwa. Da ta gan ni sai ta ce, "Su hau mana! Me ya rage da za su gani?" Ta ja ni ta zaunar, ta zubo mini gwaten acca mai zafi. In ce ana jirana. Ta ce, "Su jira. Ai mu ma mun jira su." Mu ɗan taɓa hirar mutanen da, wanda ya mutu, wanda ya koma ƙauye, wadda ta makance. Za a ce me ya hana ni zuwa ranar da ba aiki. Gidan ɗanta ne, ga suruka ga jikoki, in na shiga da sanarwa a bakina ba wanda ke mamakin ganina. In babu, ban san yadda zan fara ba.

Kafin in dawo masu wuta sun baje a inuwar fiya. Oga bai taɓa cewa na daɗe ba. In ce, "An ji, bismillah." Su jingina tsani su hau, ni kuma in ɗora shayi mai citta. Su sha suna ba ni labarin gari, inda taransifoma ta ƙone, inda kare ya bi su, inda wani ya gina shago ya toshe musu hanya suka koma ba su yi aikin ba. Oga ya nuna gindin falwayata ya ce wa yaransa, "Ku duba nan. Ko tsinke babu." In ce ya daina yi mini daɗin baki, shayin ba zai ƙaru ba. In ya je gida wani lokaci ya riƙo mini kindirmo a gora. Ƙofata kuwa daga safe har magariba ba na sa mata sakata, don ba sa faɗin ranar zuwa.

Ɗan nawa, ba na kiran sunansa tunda na fari ne, kullum maganarsa ɗaya ce a waya. In tattara in komo Abuja, ko in je in ɗan huta.

"In na tafi wa zai buɗe wa masu wuta?"

"Umma, ke ma'aikaciyarsu ce?"

"Mahaifinka ya ba su hannu."

Sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Falwayar nan ta ɗaure ki." A ganinsa wahala nake sha saboda alkawarin mamaci, ni kuma na bar shi a haka. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa ɗan da na haifa ina jiran wuta ta lalace don in samu abokin hira? Ai sai ya ji kamar shi ya yar da ni, kuma bai yar da ni ba. Abinci, magani, sutura, ba abin da na nema na rasa.

Abin da ya ba shi hujja a wata damina ya faru. Wuta ta ɗauke, muna ta jira. Da hantsi wasu samari biyu suka yi sallama, sanye da rigar nan mai ƙyalli ta masu aiki, ɗaya da waya naɗe a kafaɗa. Suka ce Oga ne ya turo su su fara dubawa kafin motar tsani ta iso. Ban san fuskarsu ba, amma da ma ana yawan canza yara. Na ce su zauna, na zura hijabi na fita sanarwa. Na yi zagayena a tsanake, har da gwaten Kaka. Da na dawo ba samari, ba tukunyar gas, ba talabijin, ba kan keken ɗinkina, ba wayata da na bari a kan tabarma. Na tsaya a tsakar gida ina salati. Ba kayan suka fi ƙona mini rai ba. Wato 'yan banzan nan sun zauna sun karance ni, sun san tsohuwar nan da an ce mata falwaya za ta bar gida a buɗe ta tafi yawo. Kunya ta kama ni har na kasa shiga ɗaki.

Na so in ɓoye. Amma da ɗan nawa ya kira wayata bai samu ba sai ya kira Madam, ita kuwa bakinta ba linzami. Washegari ya iso Jos. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zagaya gidan, ya leƙa ɗakuna, ya zo ya tsaya gaban falwaya hannu a aljihu.

"Umma, da kin dawo kin same su fa? Da da wuƙa a jikinsu fa?"

"Ai ban same su ba."

"Za a fitar da ita. Na biya ta ofishinsu, sun ce su ma sun fi son haka."

"Ba inda za ta. Gidanka ne?"

"Gidan mahaifiyata ne. Kuma ba zan zauna a Abuja ina jiran a kira ni a ce an same ki a kwance ba."

A nan muryarsa ta karye, ya juya mini baya. Na ga ƙeyarsa irin ta Malam sak. Duk faɗan da na tanada sai na ajiye shi. Yaron nan tsoro yake ji, kuma tsoronsa gaskiya ne. Na ce, "Alkawarin mahaifinka fa?" Ya ce, "Alkawarin a buɗe musu ne in suna buƙata. In tana waje ba sa buƙata." Na shige ɗaki na bar shi. Ya bi maƙwabta ya gaya musu, kowa ya ce madalla. Har Madam da nake ganin za ta tsaya mini cewa ta yi, "Mama, zai fi miki, ki huta." Kowa hutu yake nema mini.

Saura Oga. Da ya zo auna inda za a kafa sabuwa, na ja shi gefe bayan madafi.

"Oga, ka ce musu ba za ta yiwu ba. Ka ce akwai dutse a waje, ba za a iya haƙa ba. Garin nan ina ne babu dutse?"

Ya cire hular kwano yana juya ta a hannu. "Mama, ni ma raina bai so ba. Amma ba zan yi ƙarya ba, a waje ya fi. Kowane lokaci za mu zo mu yi aiki mu tafi, ba mu dame ki ba."

"Wa ya ce muku kuna damuna?"

Ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Ina jin ya gane, domin cewa ya yi, "Za mu riƙa leƙowa, Mama." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa.

Ranar cirewa mota mai ƙugiya ta tsaya a titi ta miƙo hannunta ta saman katanga. Kafin su fara Oga ya ce, "Mama, a je a gaya musu." Na zura hijabi na fita. Ban ce wa kowa na ƙarshe ne ba, kuma ba wanda ya lura sai Kaka. Ta ce, "To yanzu me zai riƙa kawo ki?" Na ce ƙafata. Ta ce, "Ƙafar taki da tawa duk ɗaya." Ranar a kwano na bar gwaten. Da na dawo suka kwance wayoyi, suka ɗaura mata sarƙa, injin ya yi gurnani, ta yi ta girgiza sannan ta fito da jar ƙasa a gindinta. Na ga ta tashi ta saman fiya tana lilo, mutanen layi suna tafi. Sabuwar suka kafa a bakin titi, a jikin katangata ta waje.

Ɗana bai koma ba sai da ya gama nasa aikin. Aka cike ramin aka shafe da siminti. Aka maido da lanƙwasar soro, aka sa ƙofar ƙarfe mai ramin leƙe irin ta kowa, sakata sama da ƙasa, ga makulli. Ya saya mini sabuwar waya, ya sa aka ɗora sola a rufi don kada wutar ma ta sake damuna. Ya ce, "Yanzu ba abin da ya riƙe ki, Umma." Na sa masa albarka, kuma da gaske na sa. Abujar ma na je. Shi da matarsa su fita da safe su dawo a gajiye, jikoki suna makaranta, daga ni sai bene da mai gadin da ba ya jin Hausa. Ban daɗe ba na ce a mayar da ni. Gara kaɗaicin da na san lungunansa.

Da sola a rufi, wutar layi ta ɗauke ko ta dawo ba na ma sani. Madam ba ta da abin tambayata. Oga ya leƙo da farko-farko, a tsaye, mota tana yi masa hon a waje. Daga nan shiru, kuma ban riƙe shi a rai ba, mutum ne da gari guda ke jira. Wata Lahadi na daure na zagaya gidan Kaka bayan sun dawo coci. Aka kashe talabijin, aka kawo mini ruwa a faranti, surukarta ta zauna a gefe tana tambayata ko lafiya. Na ce lafiya lau. Muka yi ta kallon juna ana jiran in faɗi abin da ya kawo ni. Kaka ta rako ni ƙofa tana riƙe da hannuna, ta ce in sake dawowa, na ce to. Ban koma ba.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa da iska, rana ta fito. Na wanke kaina na zauna a tsakar gida a kujera 'yar tsugunno ina shan hantsi, kaina a buɗe, furfura a baje, daga ni sai zani da rigar sanyi. Sai na ji ƙarar ƙarfe a jikin siminti ta bayan katanga. Na san ƙarar nan, tsani ne. Kafin in yunƙura hular kwano ta ɓullo ta saman katanga, sai kafaɗu, sai Oga gaba ɗayansa. Ba wanda ya zo ya ce mini za a hau. Wa zai zo?

Idonsa ya faɗo cikin gidan. Ya gan ni, na kuma ga ya gan ni. Nan take ya kawar da kai, ya juya mini baya ya fuskanci titi, ya kama aikinsa. Daidai ya yi. Haka aka koya masa, kuma da ya yi akasin haka ni ce ta farko da zan wanke shi tas. Na jawo ɗankwalina na ɗaura, na gyara zama, na yi gyaran murya don ya san an kimtsa. Bai juyo ba.

Na daɗe ina kallon bayansa. Rigarsa ta jiƙe a tsakiya, furfurar ƙeyarsa ta ƙaru. Daga ƙarshe na kasa haƙuri, na ɗaga murya yadda mace mai shekaruna ba ta yi wa namiji ta saman katanga.

"Oga! Sannu da aiki!"

Hannunsa ya tsaya a kan waya. "Yauwa, Mama. Yi haƙuri, ban san kina waje ba." Titi yake gaya wa, bai waiwayo ba.

"Ba za ku shigo ba?"

"Wani lokaci, Mama. Ana jiranmu a Dilimi."

Ya ƙarasa ɗaurinsa ya sauka ta can waje. Na miƙe ina jan gwiwa, na laluɓo makulli a ɗaki, na bi lanƙwasar soro, na zare sakatar sama, na durƙusa na zare ta ƙasa. Kafin ƙofar ta buɗe motar ta kai bakin layi, tsanin yana rawa a bayanta. Na tsaya a nan da makulli a hannu. Wata mata mai tallan tumatir ta zo wucewa, ta rage tafiya ta dube ni.

"Mama, lafiya? Wani kike nema?"

Na ce mata a'a, na mayar da ƙofar na rufe.